Layin waya marar kati da matafiyin kudancin Jigawa

A kowace shekara, idan watan Zulƙida ya gabato, maniyyata daga Farin Dutse da Sara da Gwaram da Birnin Kudu sukan hallara a Dutse, inda jirage suke kwasar alhazan Jigawa zuwa ƙasa mai tsarki tun daga shekarar 2014, kuma a cikin abubuwan da maniyyaci yake tanada a yau wayar hannu ta shiga sahun fasfo da kuɗin guzuri. Sai dai wayar da take aiki lafiya lau a gida takan yi shiru da zarar jirgi ya sauka a Madina ko Jidda, domin layin da yake cikinta na wani kamfani ne da aka ba lasisin aiki a Najeriya kaɗai, kuma turakun sadarwar Saudiyya ba su san shi ba sai ta hanyar wata yarjejeniya da take da tsada. Wannan matsala ita ce take samun ɗan kasuwar da ya sauka a Dubai ko Guangzhou, da majinyacin da aka kai Alƙahira ko Indiya, da ɗalibin da ya tafi karatu waje. A 'yan shekarun nan an fito da wata hanya da ake kira eSIM, wadda masu tallarta suke nuna ta kamar ta kawo ƙarshen wahalar baki ɗaya, alhali amfaninta ga mutumin wannan yanki ya dogara ne da irin wayar da yake riƙe da ita, da ƙasar da ya nufa, da tsawon zaman da zai yi, da kuma irin wayar da iyalinsa suke da ita a gida.

Ɗan katin da ake sakawa a waya, wanda jama'a suke kira sim ko layi, ba ya ɗauke da sabis a cikinsa kamar yadda wasu suke zato. Abin da yake ciki shi ne wata lamba da take bambanta mai layin da sauran mutane, tare da wani mabuɗin sirri wanda kamfanin sadarwa yake da irinsa a rumbunsa, ta yadda duk lokacin da waya ta nemi shiga, sai turken da yake kusa ya tambayi kamfanin, kamfanin ya gwada mabuɗin, idan ya dace a buɗe mata hanya. An fara ƙera irin wannan kati a Jamus a shekarar 1991, ya iso Najeriya a watan Agustan 2001 lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, kuma tun daga nan girmansa yake ta raguwa har ya kai ɗan mitsitsin da ake gani yanzu. Shi kuwa eSIM wani ƙanƙanin ɓangare ne da aka liƙa a jikin wayar tun daga masana'anta, ba a cire shi, ba a ma ganinsa, amma ana iya rubuta masa lambar layi da mabuɗinta ta intanet, a goge, a sake rubuta wata. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ita ce ta fitar da ƙa'idar aikinsa ga wayoyin jama'a a shekarar 2016, kamfanin Apple ya saka shi a iPhone XS da XR a 2018, Samsung ya biyo baya a manyan wayoyinsa tun daga Galaxy S20, sannan a Najeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa MTN da 9mobile su gwada shi a 2020, Airtel kuma ya shigo a 2023.

Kafin zuwan wannan fasaha, hanyoyi biyu ne a gaban matafiyi. Ta farko ita ce ya bar layinsa na gida ya hau kan turakun wani kamfani na ƙasar da ya sauka, abin da ake kira romin, inda kamfanin can yake cajin kamfanin gida, shi kuma ya ɗora ribarsa ya cire daga katin mai waya, kuma wanda bai sayi wani tsari na musamman ba kafin ya tashi yakan ga kuɗin da ya loda sun ƙare cikin kira biyu ko uku, har amsa kira ma biya ake yi. Ta biyu ita ce ya sayi layin ƙasar da ya je, wanda a Saudiyya yake nufin STC ko Mobily ko Zain, ya bi layin jira a filin jirgi ko a shago, ya miƙa fasfo, a ɗauki hoton yatsunsa, sannan a ba shi kati. Hanya ta uku da eSIM ya buɗe ita ce ta wasu kamfanoni irin su Airalo da Holafly, waɗanda ba su da turke ko ɗaya a ƙasa, sai dai suna sarin data da yawa daga manyan kamfanonin sadarwa, su yanyanka ta ƙanana, su sayar wa matafiya ta manhajarsu a matsayin gigabait kaza na kwana 7 ko 15 ko 30 a ƙasa kaza. A haƙiƙanin gaskiya wannan ma romin ne, amma romin da aka saya a farashin sari, aka kuma san iyakar kuɗinsa tun kafin a tashi.

Masu talla sun fi kambama arha, amma babbar fa'idar eSIM ga ɗan Najeriya tana wani wuri dabam, wato damar da yake ba shi ya riƙe layinsa na gida a cikin waya yana raye alhali yana shan data daga wani layin. Lambar waya a Najeriya ta daina zama abin kira kawai tun lokacin da aka ɗaure ta da lambar banki ta BVN da aka ƙaddamar a 2014, sannan a watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ta wannan lamba ce alat yake shigowa, ta nan banki yake aiko da lambar sirri ta wucin gadi kafin ya saki kuɗi, kuma da ita aka buɗe WhatsApp ɗin da abokan ciniki da dangi suka sani. Ɗan kasuwar hatsi da ya cire layinsa ya naɗe a takarda ya cusa a jaka domin ya saka na Saudiyya ya yanke kansa daga asusunsa na tsawon tafiyar, idan kuma ɗan katin ya salwanta a hargitsin kaya, to sai ya dawo gida ya je ofishin kamfani da kansa kafin a maido masa da lambar. Wanda wayarsa take karɓar eSIM kuwa yana iya barin layin gida a raminsa, ya kashe masa data domin kada romin ya cinye masa kuɗi, ya bar shi yana karɓar saƙonnin banki, wanda galibi ba a cajin kuɗi a kansa, sauran aikin intanet kuma ya ɗora wa sabon layin. WhatsApp ba ya canja lamba don an canja hanyar data, saboda haka mutanen gida za su ci gaba da samunsa a inda suka saba.

Aikin Hajji shi ne inda wannan batu ya fi nauyi, domin hukumomin Saudiyya sun mayar da ɓangare mai yawa na hidimar alhazai cikin waya. Ta manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma tun daga Hajjin 2024 aka wajabta wa kowane alhaji katin Nusuk, wanda yake da na ratayawa a wuya da kuma na cikin waya. Ban da wannan, akwai batun ɓata hanya, wanda duk wanda ya san Mina ya san ba abin wasa ba ne: tantuna farare iri ɗaya sun cika kwari, hanyar zuwa jifa dabam take da ta dawowa, kuma a shekarar 2024 mutum sama da miliyan 1.8 ne suka tsaya a Arfa. A shekarar ta 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum sama da 1,300, mafi yawansu waɗanda suka shiga aikin ba da izini ba, suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da tanti ko mota ba. A irin wannan yanayi, tsohon da ya rabu da ayarinsa yana riƙe da wayar da za ta nuna masa taswira, ko ta aika wa ɗansa daidai wurin da yake tsaye, ya fi wanda wayarsa ta zama fitila kawai tsira daga wahala. Ya kamata dai a sani cewa eSIM ba ya ƙara wa turke ƙarfi, domin a ranakun Mina da Muzdalifa layin kati da layin da ba na kati ba duk turaku ɗaya suke hawa, idan cunkoso ya yi yawa tare suke jan ƙafa.

Cikas na farko, kuma mafi girma a wannan yanki, shi ne wayar kanta. Mafi yawan wayoyin da suke hannun jama'a daga Birnin Kudu zuwa Gwaram Tecno ne da Infinix da Itel da ƙananan Redmi da ƙananan Samsung, waɗanda akasarinsu ba a ƙera su da eSIM ba, kuma babu wata manhaja da za a sauke ta sanya musu shi, tun da abu ne na cikin jikin waya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a danna *#06# kamar za a yi kira, idan a cikin lambobin da suka fito akwai wata doguwa mai alƙaluma 32 da aka rubuta EID a gefenta, to wayar tana da shi, idan kuwa IMEI kaɗai aka gani, to babu. Ko a manyan wayoyin ma akwai tarko, musamman ga mai sayen na hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ko wajen dillalai, domin yawancin iPhone da aka ƙera don kasuwar ƙasar Sin ramin kati biyu gare su, babu eSIM, wasu kuma da suka fito daga Amurka a kulle suke da kamfanin da ya sayar da su bashi, ba sa karɓar layin kowa. A ɗaya gefen, iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayansa na kasuwar Amurka, tun daga 2022, ba su da ramin kati sam, saboda haka wanda ya sayi irinsu dole ya koma eSIM ko da bai taɓa niyyar barin Jigawa ba. Ba hikima ba ce maniyyaci ya taɓa kuɗin guzurinsa ya sayi waya mai tsada saboda wannan kaɗai, musamman da yake wayoyin Tecno da Infinix suna da rami biyu, kuma rami biyu yana biyan kusan dukkan buƙatar da aka ambata: layin gida a ɗaya, na Saudiyya a ɗayan.

Cikas na biyu ba a cika faɗarsa ba, domin waɗanda suka tsara wannan kasuwa matafiyin Turai suka hango, wanda duk mutanensa suna kan intanet. Galibin eSIM na matafiya data ce zalla, ba ya zuwa da lambar da za a kira ko a yi kira da ita. Alhajin da mahaifiyarsa take wani ƙauye a bayan Farin Dutse da ƙaramar waya mai madannai, wadda ake kai wa mai caji a bakin kasuwa, ba zai iya kiranta da data ba, sai dai ya aika saƙon murya ga wani yaro mai babbar waya ya je ya kunna mata, ko ya jira a haɗa su idan an samu sabis mai ƙarfi. Haka nan ba zai iya kiran direban mota ko mai masauki ko jami'in alhazai a lambarsu ta Saudiyya ba idan ba ta WhatsApp ba. Tsawon zama ma abin dubawa ne, domin alhajin Najeriya yakan shafe wata guda ko fiye tsakanin Madina da Makka, kuma a irin wannan zama layin ƙasar, mai lamba da mintunan kira zuwa waje, yakan fi sauƙi idan aka yi lissafi. Kamfanonin Saudiyya su ma suna sayar da layin baƙi a matsayin eSIM mai lamba, wanda ya haɗa fa'idodin biyu ga mai wayar da ta dace. Inda eSIM na matafiya ya fi yin rana shi ne gajeriyar tafiya, kamar Umara ta kwana goma, ko saro kaya na mako guda, ko tafiyar da za a yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin a ƙarasa, inda tsari ɗaya na yanki yake iya ɗaukar ƙasashe da dama.

Wanda ya yanke shawarar amfani da shi, to a gida ake gama aikin, domin saka eSIM yana buƙatar intanet, kuma mutumin da ya sauka a baƙuwar ƙasa ba shi da ita. Bayan an biya kuɗi, kamfanin yakan aiko da wani hoto mai murabba'i cike da ɗige-ɗige baƙaƙe, wanda ake kira lambar QR, sai a buɗe hoton a wata wayar dabam ko a buga shi a takarda, a shiga saitin layuka, a zaɓi ƙara eSIM, a nuna wa kyamara hoton, a jira minti ɗaya ko biyu har sabon layi ya bayyana a ƙarƙashin tsohon. Daga nan sai a ba shi suna don kada a rikita su, a bar shi a kashe, sai jirgi ya sauka a kunna shi tare da maɓallin romin nasa, a tabbatar data a kansa take ba a kan layin gida ba. Yawancin waɗannan lambobi sau ɗaya suke aiki, wanda ya goge layin bisa kuskure, ko ya ba mai gyara waya ya wanke ta, sau da yawa kuɗinsa sun tafi. Akwai kuma tambayar da ya kamata a samu amsarta kafin a biya, wato ko kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da aka saka layin ko daga ranar da ya fara kama sabis a can, domin kamfanoni sun bambanta a nan. Wani dalilin yin shiri tun a gida shi ne wasu ƙasashe sun toshe manhajojin masu sayarwar, kamar yadda Indiya ta sa aka cire Airalo da Holafly daga rumbunan manhaja a watan Janairun 2024, Turkiyya ma ta toshe shafukan da dama daga cikinsu a 2025. Biyan kuɗin da dala ake yi, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, abin da Bature yake gani kuɗin shayi ne ya zama abin da sai an yi lissafi. Bankuna da yawa sun daɗe da hana katin naira sayayya a waje, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa da iyaka. Wannan ya sa 'yan tsakiya suka yawaita a kafafen sada zumunta, masu karɓar naira su turo hoton lamba, kuma tun da hoton da aka riga aka yi amfani da shi kamarsa ɗaya da sabo, bai kamata a biya wanda ba a sani ba sai layin ya zauna a waya.

Akwai wata siffa ta eSIM na matafiya da 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin suka fi kowa lura da ita. Data ta romin ba ta fita intanet daga ƙasar da mutum yake tsaye, sai an fara mayar da ita rumbun kamfanin da ya mallaki layin, wanda yana iya kasancewa a Turai ko Singafo ko Hong Kong, daga can ta fita duniya. Saboda haka a Sin, inda aka toshe WhatsApp da Facebook da Google, mai eSIM na waje sau da yawa yakan same su a buɗe, haka ma kiran WhatsApp da layukan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke hanawa. Amma wannan zagaye yana da nasa farashin: murya takan ɗan yi jinkiri a kira, wasu manhajojin banki sukan ga kamar mai asusun yana wata ƙasa ta uku su tsayar da shi, kuma bayanan mutum suna bi ta hannun kamfanin da bai san sunansa ba, a ƙarƙashin dokar ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Mai hulɗar kuɗi masu yawa ya kamata ya san da wannan, ya kuma kiyaye dokar ƙasar da ta karɓe shi baƙunci.

Tafiyar da ta fi kusa, wato tsallakawa Nijar ta Maigatari zuwa Damagaram ko Maraɗi, ita ce wadda eSIM ya fi ƙarancin amfani a cikinta, abin da yake nuna inda kasuwar ta karkata. Data ta matafiya a ƙasashen Sahel galibi ta fi ta Turai da Saudiyya tsada, kuma fataken dabbobi da na wake kira suke buƙata fiye da intanet, don haka layin Airtel ko Moov ko Zamani na can a rami na biyu ya fi musu. Maganin gaskiya a nan yana hannun gwamnatoci. Tarayyar Turai ta soke kuɗin romin tsakanin ƙasashenta a watan Yunin 2017, ECOWAS ta amince da irin wannan ƙa'ida a ƙarshen shekarar ta 2017 amma aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, sai a 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara a tsakaninsu, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Abin takaici ne a ce tun a 2007 kamfanin Celtel ya taɓa haɗa Najeriya da Nijar da Chadi a tsari ɗaya da ake amsa kira ba tare da kuɗin romin ba, amma har yau jama'ar da suke harshe ɗaya da kasuwa ɗaya da auratayya ba su samu wannan a matsayin haƙƙi da doka ta tabbatar ba.

Mayar da layin gida kansa zuwa eSIM wata shawara ce dabam, wadda take buƙatar zuwa babban ofishin kamfani, irin na Dutse ko Kano, da lambar NIN. Tana da kariya ta gaske, domin ɓarawon waya ba zai iya zare layin ya saka a wata wayar ya shiga asusun banki da lambobin tura kuɗi ba, amma idan wayar ta faɗi ta fashe a Makka ko ta ɓace a ɗawafi, babu katin da za a ciro a saka a wayar aro, lambar ta tsaya ke nan sai an dawo gida. Ga matafiyi, tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne layin gida ya zauna a kati, na tafiya ya zama eSIM.

Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, suna gudanar da bita ga maniyyata a ƙananan hukumomi kafin tashi, inda ake koyar da ihrami da ɗawafi da sa'ayi da dokokin kaya, kuma tun da Saudiyya ta ɗora izini da shaida a kan waya, batun layi ya cancanci zama guda a cikin wannan bita. A zama ɗaya ana iya duba wayar kowane maniyyaci da *#06#, a raba masu eSIM da masu rami biyu da masu ƙaramar waya, a saka wa kowa Nusuk, a koya masa yadda ake aika wurin da yake tsaye, a rubuta masa lambar jami'in ayarinsa a takarda ya haɗa da katin wuyansa. A kowane ɗaki na mutum huɗu ko biyar, idan aka samu mutum ɗaya mai data wadatacciya, yana iya raba wa sauran daga wayarsa muddin tsarin da ya saya ya yarda da rabawa, kuma wannan ma tambaya ce da ake yi wa mai sayarwa kafin a biya, domin wasu tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan data marar iyaka sun taƙaita abin da za a iya raba wa wata wayar a kowace rana.